Sarki Yuliyan da Firistocin Gumaka

 A cikin shirinmu na tarihin ikkilisiya, yau za mu koma ƙarni na 4 bayan haihuwar Almasihu, mu duba labarin wani Sarkin Roma mai suna Yuliyan. Wannan sarki ya tashi a hannun masu bi, amma ya bar bangaskiya ya koma bautar gumakan kakanninsa. Da ya hau gadon sarauta a shekara ta 361, sai ya zauna ya rubuta wa firistocin gumaka ƙa'idodi, wato irin mutumin da ya cancanci a naɗa, da irin zaman da zai yi bayan an naɗa shi. Wasiƙun nan suna nan har wa yau. Dalilin da ya sa muke so mu duba su shi ne, mutumin nan da ya ƙi ikkilisiya da zuciya ɗaya ya faɗa a fili abin da ya ga yana jawo mutane zuwa cikinta. Shaidar abokin gaba kuwa ba a yi mata zargin son kai.

Yadda ake zama firist a dā

Kafin mu fahimci abin da Yuliyan ya yi, sai mu fara sanin yadda ake naɗa firist a ƙasar Romawa da Helenawa tun kafin zamaninsa. A wurinsu aikin firist sarauta ce ta gari, kamar alƙalanci ko shugabancin mayaƙa. Manyan mutane ne suke riƙe ta, wani don gado, wani don zaɓe, wani na shekara ɗaya tak, wani muddin ransa. A shekara ta 63 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyas Kaisar ya nemi kujerar babban firist na Roma, ya raba kuɗi ga masu zaɓe har bashi ya yi masa katutu, ya kuwa samu. Daga zamanin Augustas, sarakunan Roma suka mai da wannan kujera tasu. A waɗansu biranen Helenawa na ƙasar Asiya ma, gwanjon aikin firist ake yi, wanda ya fi biya shi ne ya samu. An tono duwatsu a garin Eritirai masu ɗauke da jerin ayyukan firist da aka sayar, da kuɗin kowanne. Mai saye ba ya hasara, gama yana da rabonsa na fata da cinya daga dabbobin hadaya, sau da yawa kuma akan ɗauke masa waɗansu nawayoyin gari.

Akwai bikin naɗi. A Roma akwai masu duba, waɗanda aikinsu shi ne lura da tashin tsuntsaye da walƙiya. Idan za a keɓe waɗansu manyan firistoci, mai duba yakan roƙi gunkin Jufita ya nuna alama ko ya yarda da mutumin. Akwai kuma dokoki masu tsanani. Firist na Jufita ba ya hawan doki, ba ya rantsuwa, ba ya sa tufa mai ƙulli, ba ya taɓa ɗanyen nama ko akuya ko wake, ba ya kwana uku a jere ba a kan gadonsa ba. Idan matarsa ta rasu, sai ya sauka daga aiki. An taɓa yin fiye da shekara 70 kujerar nan ba kowa a kanta. Akwai kuma budurwai 6 masu tsaron wutar gunkiya Besta. Ana ɗaukarsu tsakanin shekara 6 zuwa 10, su yi hidimar shekara 30. Wadda ta bar wuta ta mutu akan yi mata bulala, wadda aka same ta da laifin sanin namiji akan binne ta da rai.

Idan mun lura, yawancin dokokin nan a kan tsabtar al'ada suke: abin da hannu zai taɓa, da abin da baki zai furta a gaban bagade ba tare da kuskure ba. Ba a sa wa firist ya koyar da jama'a, ko ya ziyarci marasa lafiya, ko ya san gwauruwar da ta kwana da yunwa a bayan haikalinsa. Attajiran Romawa suna da kyauta ƙwarai, sukan gina wuraren wanka da dandalin wasa, su raba hatsi. Amma kyautar ta 'yan gari ce masu 'yanci, ana kuwa rubuta sunan mai bayarwa a kan dutse. Baƙo da bawa da mai bara ba safai suke cikin lissafi ba.

Abin da ikkilisiya ta zo da shi

Ikkilisiya ta shigo duniyar nan da wani ma'auni dabam. A wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti sura 3, da wasiƙarsa zuwa ga Titus sura 1, an jera halayen wanda za a ɗora wa hannu. Kusan dukansu a kan hali ne: yadda yake da matarsa da 'ya'yansa, yadda yake da kuɗi da abin sha, yadda yake karɓar baƙi, da irin shaidar da waɗanda ba masu bi ba suke yi masa. Taron bishop-bishop na Nikiya a shekara ta 325 ya ƙara jaddada wannan. Ya hana a naɗa sabon tuba da gaggawa, ya ce sai bishop uku aƙalla sun hallara kafin a naɗa bishop, ya kuma ce a tuɓe ma'aikacin ikkilisiya da ke ba da rance da ruwa.

Aikin ya bayyana a zahiri. Wajen shekara ta 251, Karniliyas bishop na Roma ya rubuta cewa ikkilisiyarsa tana ciyar da gwauraye da mabukata fiye da 1,500, a lokacin da Kirista ba su da izinin hukuma, ana ma tsananta musu. Sa'ad da annoba ta ratsa Kartaj da Iskandariya a shekarun nan, masu bi da yawa suka tsaya suna jiyyar marasa lafiya suna binne matattu, har waɗansunsu suka kamu suka mutu.

Masu mulki sun ga wannan. Wani sarki mai suna Maksiminas, wanda ya tsananta wa Kirista a gabashin daular, ya gwada tsara firistocin gumaka tsakanin shekara ta 311 da 313. Ya naɗa babban firist a kowane birni da kowane lardi daga cikin manyan mutane, ya sa musu fararen alkyabbu, ya ba su dogarai. Tsari ya kwaikwaya, bai taɓa maganar hali ba. Wanda ya kai ga maganar hali shi ne Yuliyan, bayan shekara 50.

Wane ne Yuliyan?

Yuliyan ɗan ɗan'uwan Sarki Kustantin ne, sarkin da ya ba Kirista 'yancin sujada. Da Kustantin ya rasu a shekara ta 337, sojoji suka karkashe maza da yawa na gidan sarauta, har da mahaifin Yuliyan. Yaron yana da wajen shekara 6 a lokacin. Ya girma yana ɗora alhakin jinin nan a kan Sarki Kustantiyas, ɗan Kustantin, wanda ake kira sarki Kirista. Bishop-bishop ne suka lura da tarbiyyarsa, ya yi shekara 6 a tsare a wani gidan sarauta a Kafadokiya, ya san Littafi Mai Tsarki sosai, masu tarihin ikkilisiya ma sun ce ya taɓa zama mai karatu a cikin sujada. Amma wajen shekara ta 351 ya juya a ɓoye, ya bi wani malamin falsafa da tsafi mai suna Maksimas na Afisa. Ya ɓoye wannan har shekara 10. Bari mu riƙe wannan a zuciya, 'yan'uwa: yaron nan ya ji bishara daga bakin mutane, ya kuma ga jinin mahaifinsa a gidan da ake kiran sunan Almasihu.

Da Kustantiyas ya rasu a watan Nuwamba na 361, mulki duka ya koma hannun Yuliyan. Ya buɗe haikalan gumaka, ya maido da hadayu, ya janye gatan da aka ba ma'aikatan ikkilisiya, a shekara ta 362 kuma ya hana Kirista koyar da littattafan Helenawa a makarantu. Bai ba da umarnin a kashe masu bi ba, ko da yake an zub da jini a waɗansu garuruwa. Ba ya kiranmu Kirista, sai Galilawa, don raini. Shi kansa kuwa mutum ne mai kamewa. Abincinsa kaɗan ne, barcinsa kaɗan, bayan rasuwar matarsa bai sake aure ba.

Ƙa'idodin da ya rubuta

Da yake shi ne babban firist na daular, sai ya naɗa manyan firistoci a larduna, ya ba su ikon naɗa na ƙarƙashinsu, su tsawata musu, su kuma tuɓe wanda ya ƙi ji. Ya ba wani mai suna Tiyodoras lardin Asiya, Arsakiyas kuma yana kan Galatiya, ƙasar da Bulus ya rubuta wa wasiƙa. Ya naɗa mata ma, kamar wata Kaliksena da ya ba hidimar gunkiyar garin Fesinas.

A kan wanda za a naɗa, ya ce a nemi mafi nagarta a kowane gari, mai ƙaunar alloli da mai ƙaunar mutane, ko matalauci ne ko mai arziki, ko sananne ne ko ba a san shi ba. Ya ba da hanyar gwaji guda biyu. Za a gane mai ƙaunar alloli idan ya jawo dukan gidansa zuwa ga ibada. Za a gane mai ƙaunar mutane idan yana raba ɗan abin da yake da shi da zuciya ɗaya. Duk wanda ya san wasiƙun Bulus zai ji ƙamshinsu a nan. Wannan kuwa babban sauyi ne ga addinin da aka saba sayar da aikin firist a kasuwa.

A kan zaman firist, ya hana shi shiga gidan wasan kwaikwayo, da shan giya a mashaya, da yin sana'ar da ke zub da mutunci. Kada ya yi abota da 'yan wasa ko masu tseren keken doki, kada 'yan rawa su zo ƙofar gidansa. Kada ya faɗi maganar batsa, kada ya saurare ta. Har abin karatu ya zaɓa masa: ya karanta Filato da Aristotal da irinsu, ya guji labaran soyayya da waƙoƙin zambo da littattafan masu shakkar alloli. Ya haddace waƙoƙin yabo, ya yi addu'a sau uku a yini, in ya kāsa, to, da asuba da maraice. A kwanakin hidimarsa ya zauna cikin haikali, kada ya je kasuwa. Ya sa tufafi masu daraja a cikin haikali, a waje kuwa ya sa na kowa da kowa, ba taƙama.

Ya kuma yi magana a kan firist da masu mulki. Kada firist ya riƙa zirga-zirga zuwa gidan gwamna, ya rubuta masa takarda ya isa. Idan gwamna ya shigo gari, kada firist ya fita tarye. Idan ya zo haikali, kada soja ya shiga gabansa, gama da zarar ya ƙetare bakin ƙofa ya zama kamar kowa. Firist mai mugun hali a tuɓe shi, amma muddin yana kan aiki a girmama shi. Da wani ma'aikacin hukuma ya sa aka doki wani firist, Yuliyan ya dakatar da shi daga sha'anin ibada har wata uku.

Sai babbar magana, wato jinƙai. A wasiƙarsa zuwa ga Arsakiyas, wadda Sozomen mai tarihin ikkilisiya ya kwafe ya adana mana, Yuliyan ya ambaci abu uku da ya ce su suka yaɗa addinin Galilawa: alheri ga baƙi, kula da binne matattu, da tsabtar zamansu, wadda shi ya ce ta ganin ido ce. Ya ce abin kunya ne a ga babu Bayahude mai bara, Galilawa kuma suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka, su kuwa sun bar nasu ba mataimaki. Saboda haka ya umarta a gina masaukin baƙi a kowane birni, a karɓi kowa ko ba mai bin addininsu ba ne. Ya ware wa Galatiya mudun Romawa 30,000 na hatsi kowace shekara, mudu ɗaya kuwa yana cin kusan lita 9, da awo 60,000 na ruwan inabi, kowane awo wajen rabin lita. Kashi ɗaya cikin biyar na matalautan da ke yi wa firistoci hidima ne, sauran na baƙi da masu bara. A wata wasiƙar ya ce a kula har da waɗanda ke kurkuku.

Yadda abin ya ƙare

Yuliyan ya isa Antakiya a watan Yuli na 362, birnin da aka fara kiran masu bi da suna Kirista. A bayan gari, a wani wuri mai itatuwa da ake kira Dafni, akwai shahararren haikalin Afollo. Da ranar idin gunkin ta zo, sarki ya garzaya yana tsammanin zai tarar da bijimai da turare da samari cikin fararen tufafi. Shi da kansa ya rubuta abin da ya tarar, cikin littafinsa da ya sa wa suna Mai Ƙin Gemu: ba kowa sai firist ɗaya, da dinya guda da ya kawo daga gidansa, gama gari bai shirya kome ba. Sarki ya yi wa majalisar birnin faɗa, ya ce suna kashe dukiya a kan shagali, suna kuma barin matansu suna kwasar kayan gida suna kai wa Galilawa don ciyar da matalauta. A watan Oktoba na shekarar nan haikalin ya ƙone.

A watan Maris na 363 ya fita yaƙi da Farisa. A ranar 26 ga Yuni māshi ya same shi, ya mutu a daren, bai wuce shekara 32 ba. An binne shi a Tarsus, garin Bulus, inda Maksiminas ma ya mutu shekara 50 kafin nan. Sojoji suka naɗa Yobiyan, Kirista. Tsarin firistocin ya watse nan da nan, a shekara ta 391 da 392 kuma Sarki Tiyodosiyas ya hana hadayu ga gumaka.

Gaskiya ne mulkinsa bai kai shekara 2 ba, lokaci bai ishe shi ba. Amma akwai wani dalili. Addinin gumaka ba shi da taron jama'a na kowane mako inda ake koyarwa, ake tara baiko, ake sanin wanda ba shi da lafiya. Labaran allolin cike suke da zina da yaudara, har shi Yuliyan sai da ya riƙa ba su wata ma'ana ta ɓoye. Ya yi ƙoƙarin nuna cewa karɓar baƙi tsohuwar al'adar Helenawa ce, akwai kuwa gaskiya a ciki. Sai dai hatsin da ya ware daga baitulmalin sarki ya fito, ranar da sarki ya faɗi sai rumbun ya rufe. Abin da ke cikin akwatin ikkilisiya kuwa daga hannun masaƙa da bayi da gwauraye ya fito, mutanen da suka gaskata cewa an riga an yi musu jinƙai a kan gicciye. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya shafe mu

Kada mu yi saurin yin fahariya, 'yan'uwa, gama tarihin nan yana da wani gefe. Wajen shekara ta 354, tun Yuliyan bai zama sarki ba, ya ziyarci garin Iliyon, kusa da Taruwasa. Bishop na garin, mai suna Fegasiyas, shi ya zaga da shi tsofaffin haikalai. Yuliyan ya lura wuta tana ci a kan bagadai, an shafe gunki da mai, bishop ɗin kuma bai yi alamar gicciye ba kamar yadda masu bi suka saba a irin wuraren. Da Yuliyan ya hau mulki, Fegasiyas ya ajiye aikin bishop ya zama firist na gumaka, sarki ya rubuta wasiƙa yana kāre shi. Waɗansu ne suka ɗora wa mutumin nan hannu, suka ba shi garken Allah, ba su san abin da ke zuciyarsa ba.

Shekara 3 bayan mutuwar Yuliyan, a 366, aka yi rikicin zaɓen bishop a Roma tsakanin magoya bayan Damasas da na Ursinas. Amiyanas, wani soja mai bautar gumaka da ya rubuta tarihin zamanin, ya ce an ƙirga gawa 137 a rana ɗaya cikin wani ɗakin sujada. Ya ce bai yi mamaki ba, gama wanda ya ci kujerar zai sami kyautai daga mata masu arziki, ya hau keken doki, ya ci abinci irin na sarakuna. Amma mutumin nan ya yaba wa waɗansu bishop-bishop na ƙauye, masu ƙaramin ci da tufafi marasa tsada da tawali'u. Har a shekara ta 451, sai da taron Kalsidon ya kafa doka a kan masu naɗa mutane don kuɗi. Ashe abin da Yuliyan ya so ya fitar daga haikalin gumaka ya sami ƙofar shiga ikkilisiya, da zarar ta sami gata da dukiya.

Saboda haka idan majalisar ikkilisiya ta zauna don zaɓen fasto ko dattijo ko dikin, tambayoyin da za ta yi tsofaffi ne. Yaya mutumin nan yake a gidansa? Matarsa da 'ya'yansa za su iya ba da shaida a kansa? An taɓa ba shi amanar kuɗi ya riƙe? Baƙo yana kwana a gidansa? Maƙwabcinsa da ba Kirista ba, me yake faɗa a kansa? Ƙafarsa ta fi sanin ƙofar masu mulki ko ta marasa lafiya? Takardar makaranta tana da amfani, iya magana ma baiwa ce, amma ba su amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan. Dangantaka da kabila da yawan baikon da mutum yake bayarwa kuwa ba su da wuri a wannan zama ko kaɗan. Hali zanen dutse ne, ɗora hannu ba ya kankare shi. Mu da muke zaune a kan benci ma muna da rabo, gama alherin da Yuliyan ya gani ya ji kishi, yawancinsa aikin talakawan masu bi ne waɗanda tarihi bai riƙe sunansu ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, Makiyayin tumakinka, ka ba ikkilisiyarka shugabanni masu tsoronka, masu tsabtar hannu da zuciya. Ka ba masu zaɓe hikima da ƙarfin hali su ƙi wanda bai cancanta ba, ko da nasu ne. Ka kiyaye 'ya'yanmu kada halinmu ya sa su tuntuɓe. Ka sa baƙo da maraya da gwauruwa su sami wuri a cikinmu, domin sunanka ya sami ɗaukaka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.